Abin Da Muka Gani A Gidan Ɗan Hausa

Mu biyu ne masu wannan labari, ko da ya ke hannu ɗaya ya riƙe alƙalami. 'Ya'yan wa da ƙane ne mu, gidanmu ɗaya a Fakku, cikin ƙasar Kebbe, kudu da Tambuwal. Tare aka sa mu makarantar allo a zauren kakanmu, tare muka sauke Alƙur'ani, tare kuma aka ɗebe mu aka kai mu ta boko, har ga shi yau saura 'yan watanni a sallame mu daga wannan kwaleji, a ce da mu malamai. Saboda haka duk inda muka ce "mu", to, mu biyun nan mu ke nufi, amma muna zato da yawa cikin 'yan'uwanmu ɗalibai za su ga kansu a ciki.

Asalin tafiyar daga aji ta taso. Ran nan malaminmu na tarihi yana ba mu labarin yadda makarantun Gwamnati suka fara a Arewa, sai ya ce tushensu a Kano ya ke, a unguwar Nasarawa, cikin shekara ta 1909, kuma gidan Baturen da ya kafa su yana nan tsaye har yau, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi, kowa ya so ya shiga ya gani. Da muka ji haka sai abin ya shiga ranmu, da ya ke muna da kawu mai sayad da yadi a Kantin Kwari, wanda ya daɗe yana kiranmu. Muka ƙulla niyya in an ba da hutun bazara mu je.

Amma yaro ba ya tafiya sai da iznin magabata. Muka fara zuwa gida, muka durƙusa gaban Baffa, wanda shi ne mahaifin ɗayanmu, wan mahaifin ɗayan, shi ne kuma ya gaji zauren karatu bayan rasuwar kakanmu, Allah ya jiƙansa. Muka gaya masa abin da ke ranmu. Ya yi shiru yana jan tasbaha, can ya ɗaga kai ya ce, "Watau gidan da anka fara raba mu da ɗiyanmu za ku gani? To, ku tafi, Allah shi kiyaye hanya. Amma in kun komo ku gaya mani abin da kunka gani, kada ku ƙara, kada ku rage." Muka ce, "To, Allah ya gafarta Malam." Muka tashi jikinmu a sanyaye, don mun san ba da wasa ya faɗa ba. Sa'ad da mu ke yara almajirai sun fi arba'in a zauren nan, suna kewaye da wuta da dare, kowa da allonsa. Yanzu ba su cika goma ba, mu ma da ya ke sa rai za mu taimake shi mun bi wata hanya.

Daga Fakku muka hau babur zuwa Kebbe, daga nan mota ta kai mu Tambuwal, muka bi ta Shagari da Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato cikin 1815. Muka kwana a Sakkwato. Da asuba muka kama hanyar gabas, ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, direba yana ta sauri kada dare ya same mu a daji, don kowa ya san halin da hanyoyin nan su ke ciki saboda ɓarayi. Allah ya kiyaye, ana kiran magariba muka shiga Kano.

Kwana biyu kawu yana zagawa da mu. Muka hau Dala, muka ratsa kasuwar Kurmi, muka shiga Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Duk waɗannan abin kallo ne, amma ba su suka kawo mu ba. Rana ta uku da hantsi muka fita bayan ganuwa, muka nufi Nasarawa, unguwar da Turawa suka zauna a da, ba nisa da Gidan Gwamnati. A zuci muna tsammani za mu ga wani dogon gini na dutse da kwano da gilasai, irin wanda ya dace da babban Bature. Ko da aka nuna mana gidan sai muka tsaya muna duban juna, don kuwa ginin ƙasa ne, irin namu.

Bari mu ɗan kwatanta shi saboda waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Gida ne na tubali, mai bene, bangonsa da kauri ƙwarai. A samansa ga zankwaye, ga indararo ta inda ruwan sama ke zuba nesa da gindin bango, fuskarsa kuwa an ƙawata ta da zane irin na maginan Kano. Da muka sa ƙafa ciki sai muka ji wani sanyi kamar na ruwan randa, alhali a waje rana ta fara dukan ƙeya. Muka ɗaga kai muka ga rufin azara bisa bakan gizo. Mai zagawa da baƙi, wani dattijo mai haƙuri da tambaya, ya bayyana mana hikimar abin. Daga giginya a ke tsaga azara, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. Saboda haka in ana son ɗaki mai faɗi, magina su kan ɗora ta bisa-bisa daga jikin bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har bakan dama ya sadu da na hagun a tsakiya. Kaurin bango kuwa shi ke shanye zafi da rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Muka ji kunya kaɗan, don cikin irin ginin nan aka haife mu, amma sai da muka zo Kano muka san dalilinsa.

Mai gidan, sunansa na ainihi Hanns Vischer. An haife shi cikin 1876 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, watau da asali ba ma Baturen Ingila ba ne. Da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan cikin 1901, bai daɗe ba ya bari, ya zama ɗan ƙasar Ingila cikin 1903, ya shiga aikin mulki, aka kai shi Barno. Cikin 1906 ya taso daga Tarabulus da ayari, ya ratsa Sahara ta Murzuk da Bilma har Barno, tare da alhazai masu komowa daga Makka da 'yantattun bayi masu neman gida, ya kuwa rubuta labarin tafiyar, aka buga cikin 1910. Saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa, da yadda ya san ladabin zama da mutane, aka sa masa suna Ɗan Hausa. Da Gwamnati ta ɗora masa aikin ilmi cikin 1908, sai ya fara zuwa Masar da Sudan ya dubo yadda a ke tafiyad da makarantu a ƙasashen Musulmi, sa'an nan ya kama aiki a Kano, zamanin Sarki Abbas.

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu masu koyon aikin malanta, shi ne ajin da ya fara buɗewa ba na yara ba ne. Na malamai ne, manya waɗanda suka riga suka yi karatun Arabiyya, aka koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa don su ma su koyar. Ashe kwalejinmu da dukan irinta, har da ta Katsina wadda aka yi bikin buɗewa cikin 1922, jikokin ajin nan ne. Bayansa aka yi makarantar 'ya'yan sarakuna, da ta sauran yara, da ta sana'a inda a ke koyon kafinta da ƙira da dukanci. Da Hausa a ke koyarwa, akwai kuma malaman da ke karantad da yaran addini.

Daga nan aka ratsa da mu sauran ɗakuna, inda gidan ya koma mana gidan iyali sosai. Ga kujeru da tebura na zamanin, ga hotuna a bango, ga kuma kayan sana'o'in gargajiya da aka tara daga baya. Cikin 1911 Ɗan Hausa ya auri wata mutuniyar ƙasarsu, sunanta Isabelle, ya kawo ta nan, ta zauna cikin soron ƙasa, ta kuma rubuta abin da ta gani cikin wani littafi da Faransanci, aka buga cikin 1917. Zamansu bai yi tsawo ba, yaƙin duniya na farko da ya tashi cikin 1914 shi ya raba su da Kano. Sauran aikinsa a Landan ya yi shi, yana ba Gwamnati shawara a kan ilmin ƙasashen Afirka, ya kuwa mutu cikin 1945. Bayansa waɗansu Turawan Gwamnati sun zauna gidan, amma ba wanda sunansa ya bi gidan sai shi. Yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ke riƙe da shi.

Da muka fito sai muka sami inuwa a lambun gidan muka zauna. Wurin shiru, sai kukan kurciyoyi, ƙarar motocin birni kuwa can nesa a ke jinta. A nan ne muka tuna da alkawarin da muka yi wa Baffa, muka fara shawarar abin da za mu gaya masa, shawara kuwa ta zama gardama.

Ɗayanmu ya ce Baffa ya yi gaskiya. Cikin 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara. Shekara shida kaɗai tsakani, hawaye bai gama bushewa ba, aka ce mutane su kawo 'ya'yansu wurin wanda jiya-jiya ɗan mishan ne. Wa zai ga laifin wanda ya ɓoye ɗansa cikin rumbu? Ban da haka, ba jahilai aka tarar a ƙasar nan ba. Shehu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar littattafai masu yawa da Larabci, da waƙoƙin Fulatanci da na Hausa cikin ajami. Da aka zo zaɓen harufan da za a riƙa rubuta Hausa da su a makaranta da ofis, Razdan na Sakkwato, Burdon, yana cikin masu cewa a bar ajami, Ɗan Hausa kuwa yana cikin masu cewa boko, shi ne ma ya tsara ƙa'idodin rubutunsa cikin 1912. Boko ya yi rinjaye. Abin da wannan ya haifa shi ne, mutum kamar Baffa, wanda ya karance Risala da Muhtasar, in an miƙo masa takardar hukuma sai a ce ya dangwala yatsa, a lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba.

Ɗayan ya ce duk an ji, amma a dubi ɗaya gefen. Da harufan nan aka buga Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki bayan gasar 1933, da su aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, da su kuma mu ke neman abincinmu. Mutumin nan kuwa, abin da ke zuciyarsa Allah ya sani, amma aikin hannunsa ga shi a fili. Ya zauna cikin ginin maginan Kano, ya koyad da yara da harshen iyayensu, ya fara da malaman da ya tarar, bai ture su ba. To, mu fa 'ya'yan gida, in mun je hutu, sau nawa muka zauna zauren Baffa muka ɗauki darasu? Ba wucewa mu kan yi da littattafanmu a hammata ba, muna gyara wa tsofaffi magana?

Muna cikin haka sai wani tsoho mai shara da ban ruwa a lambun, wanda ashe yana jinmu, ya jingine tsintsiya ya ce, "Samari, daga ina?" Muka ce, "Daga ƙasar Sakkwato, Baba." Ya ce, "Na ji a bakinku. Ni ban yi boko ba, ban san wanda ya fi gaskiya cikinku ba. Amma ku dubi bangon nan. Bature ya tafi tun ba a haifi ubana ba. Da ba a bin ginin da yaɓe, 'yan daminu kaɗan sun isa su kwantad da shi. Ba wanda ya gina ke tsai da gida ba, wanda ya gada ne." Ya ɗauki tsintsiyarsa ya ci gaba da aikinsa. Muka ɗaga kai muka ga ashe ƙarƙashin darbejiya mu ke zaune, wadda mu a wajenmu mu ke kira dogon yaro. Mun kuwa karanta cewa sai cikin 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Ke nan ko inuwar da mu ke sha ba Ɗan Hausa ya dasa ba, waɗanda suka zo bayansa ne.

Maganar tsohon nan ta kashe gardamar, ta kuma kashe mana jiki, don ta tuna mana da abin da muka daɗe muna kau da kai daga gare shi. Zauren kakanmu a Fakku shekara huɗu ke nan ba a yaɓe shi ba. Indararon gabas ya faɗi, ruwa ya ci bango, tsaga ta sauko daga rawani har kusa da dakali. A da, kafin damina ta faɗi, almajirai da samarin gida su kan kwaɓa ƙasa da ramno, mata su jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, cikin yini biyu a gama. Yanzu samarin gidan mu ne, mu kuwa kullum muna makaranta, in mun zo hutu muna ƙyamar taɓo ya taɓa mana tufafi. Ga Kanawa sun tsare gidan baƙo fiye da shekara ɗari, mu mun kasa tsare na kakanmu shekara huɗu.

Bayan mako guda muka komo gida. Da aka yi sallar lisha muka sami Baffa, muka faɗa masa duk abin da muka gani, ba mu ƙara ba, ba mu rage ba, har gardamarmu da maganar mai shara. Ya ce, "Da ƙasa anka gina shi?" Muka ce, "Da ƙasa, Allah ya gafarta Malam." Ya ce, "Kuma shina nan tsaye?" Muka ce, "Yana nan." Bai ƙara cewa kome ba, ya tashi ya shiga shigifa, ya fito da gafaka uku na kakanmu, waɗanda ba mu taɓa ganin an buɗe ba tun rasuwarsa. Muka matso da fitila. Ta farko lafiya lau, Ahalari ne da Ishmawi da Iziyya, duk da hannun kakanmu. Ta biyu akwai Ishiriniya da wasiƙu na ajami, da wata takarda mai jerin sunayen malaman da ya yi karatu wurinsu, kowane da garinsa. Ta uku kuwa, ko da aka kwance ta sai gari ya zubo. Gara ta cinye fiye da rabi, ba wanda zai ƙara sanin abin da ke ciki. Baffa ya dubi garin nan a tafin hannunsa ya ce, "Wanga dai ba Nasara yac ci shi ba." Muka sunkuyad da kai.

Sauran kwanakin hutu a kan wannan suka ƙare. Muka tara ƙannenmu da almajiran da suka rage, aka ɗebo jar ƙasa aka kwaɓa, aka kira magini ya cike tsagar ya mayad da indararo, muka yaɓe zauren ciki da waje. Da dare kuwa mu kan zauna, Baffa yana ɗauko takardun ɗai ɗai yana faɗin sunansu, muna rubutawa cikin littafi, kowace da ajami da boko. A nan muka gane ajaminmu ya yi tsatsa, har ya kan karɓi alƙalami ya gyara mana yana murmushi, kamar yadda ya kan yi muna yara. Muka ɗauki hoton kowane shafi da waya, muka naɗe takardun cikin sabon ƙyalle da busasshen ganyen dogon yaro, muka ɗora su bisa katako nesa da ƙasa. Mun gaya masa akwai gidan tarihi a Sakkwato mai sunan Waziri Junaidu, da Arewa House a Kaduna wanda a da gidan Sardauna ne, inda a ke adana irin waɗannan takardu. Bai ce a kai ba, mu kuwa ba mu matsa ba, don ba namu ba ne mu kaɗai.

Kada mai karatu ya zaci Baffa ya sake ra'ayi a kan boko. Bai sake ba, yana kuwa da hujjarsa. Iyakar abin da ya ce ran da za mu taso shi ne, in Allah ya sa aka turo ɗayanmu makarantar garinmu, zai ba mu jikokinsa biyu, da sharaɗin su yi karatun asuba da na dare a zaure, malamin nasu kuma ya zauna tare da su da nasa littafin. Muka karɓi sharaɗin da hannu biyu.

To, 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu ƙauyuka. Duk garin da aka kai mutum zai tarad da zauren da ya riga makarantarsa kafuwa, da malamin da ya fi shi shekaru da sani. Shawararmu ita ce ya fara sallama a can kafin ya buga ƙararrawa, don yaran da ya ke nema daga nan za su fito. In kuwa ya je gida hutu, ya tambayi manya ko akwai wata gafaka a rataye, ya roƙa a buɗe masa tun gara ba ta riga shi ba. Wanda kuma Allah ya kai shi Kano, ya daure ya je Nasarawa ya ga gidan nan da idonsa, gani ya kori ji.

 Allah ya ba mu ikon riƙon abin da muka gada, ya sa albarka cikin abin da muka koyo, amin.

Ɗalibai biyu 'yan Fakku, aji na ƙarshe.